Sashen Manazarta da Ɗakin Jaridu a Laburaren Jiharmu: Abin da Aka Kulle da Abin da Aka Bar wa Gara

A kowane laburare na gwamnati akwai sashe guda da dokarsa ta sha bamban da ta sauran, wato sashen manazarta, inda ake ajiye littattafan da ba a karanta su daga bango zuwa bango, ba a kuma ba da aronsu ko da mutum ya tsufa da katin rajista a aljihu. Ƙamus da kundin sani da littafin taswira da fihirisa da kundin dokoki da rahotannin ƙididdiga duk nan ne mazauninsu, domin aikinsu shi ne a buɗe su a nemi amsar tambaya ɗaya, a rufe, a bar wa na baya. Wannan bita ta shafi irin wannan sashe ne a babban laburaren jiharmu, tare da ɗakin jaridu da mujallu da ke jikinsa, waɗanda aikin koyarwa da 'yan rubuce-rubuce suka sa nake yawan zirga-zirga a cikinsu. Wurin ya cancanci tattaki, sai dai abin da ya sa ya cancanta ba shi ne abin da hukumar laburaren take tinƙaho da shi ba, kuma duk wanda ya ɗan jima a ciki zai lura cewa inda aka zuba tsaro daban, inda darajar take daban.

Shiga ba ta da wahala. Mutum zai rubuta sunansa da lokacin zuwansa a babban littafin da ke bakin ƙofa, ya bar jakarsa a wurin mai gadi a ba shi lamba, sannan ya wuce da takarda da alƙalami da wayarsa. Ɗakin yana da faɗi, tagoginsa dogaye ne, saboda haka da safe hasken rana ya isa karatu ko babu wutar lantarki, amma daga azahar zuwa la'asar a lokacin bazara, idan fankoki suka tsaya, zama yana zama jarrabawa. Teburan tsofaffi ne na katako mai nauyi waɗanda ba sa girgiɗi idan an ɗora musu babban mujalladi, kuma ana kiyaye dokar shiru fiye da yadda na gani a wasu laburarorin makarantu.

An jera littattafan bisa tsarin Dewey, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1876, wanda kuma ya kasa ilimi gida goma daga 000 zuwa 900. Mai neman ƙamusun Hausa ya nufi 493, na Larabci yana 492, abin da ya shafi Musulunci yana 297, tarihin Nijeriya kuwa yana 966.9. Ɗalibin da ya saba da laburaren jami'a, inda galibi ake bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai haɗa haruffa da lambobi, zai ɗan yi dabur-dabur da farko, amma ba ya daɗewa. Matsalar tana wurin akwatin kati. Katin zai ce littafi yana nan, a je kanta a tarar da gurbinsa kawai, wani littafin kuma yana kan kanta shekara da shekaru ba a taɓa yanka masa kati ba. Akwai kwamfuta a kan teburin ma'aikata, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ban kuma taɓa ganin an nemi littafi da ita ba. Abin da ke riƙe da sashen a zahiri shi ne wani dattijon ma'aikaci da kowa yake kira Baba, wanda da zarar mutum ya fara kame-kame sai ya ce, “Malam, wace shekara kake nema, kuma na Hausa ko na Turanci?” Daga amsar da aka ba shi yake miƙewa kai tsaye zuwa kantar da ta dace, wani lokaci ma ya ɗauko abin da mai tambayar bai san akwai shi ba. Wannan hidima ce ta gaske, amma duk tana cikin kan mutum ɗaya wanda ritayarsa ta kusa, kuma babu alamar an zaunar da wani matashi kusa da shi ya rubuta abin da ya sani.

Kantar ƙamusoshin Hausa ita ce dalili na farko da zai sa malamin makaranta ko marubuci ko mai fassara ya zo. Akwai ƙamusun Bargery, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1934, kwafin da ke nan kuma na bugun da Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake yi ne a Zariya a 1993 tare da ƙarin da Neil Skinner ya yi masa. Littafi ne mai shafi sama da 1,200, bangonsa ya rabu da jikinsa an ɗaure shi da salatif, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yatsun masu dubawa, a wasu wuraren kuma akwai 'yan gyare-gyare da fensir da wani mai karatu na da can ya bari. Darajarsa tana cikin kalmomin sana'a da noma da sarauta da dabbobi waɗanda suka fara ɓacewa daga bakin mutanen birni. Yaron da ya ci karo da akawal ko bidi ko gunya a waƙar fada bai san launukan dawaki ake nufi ba, ko wanda bai taɓa ganin allera da ƙoshiya a hannun masaƙi ba, a nan zai sami bayani, sau da yawa har da nunin ko kalmar ta Sakkwatanci ce ko ta Katsinanci ko ta wani karin harshen. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai an jero ɗaruruwan kalmomin da Bahaushe yake siffanta girman abu da su, kuma wannan shafin ya isa ya sa marubucin da yake ganin ya ƙware ya sunkuyar da kai. Abin da zai ɗan dami sabon mai dubawa shi ne rubutun, domin an tsara littafin kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna da gindinsu, sai mutum ya saba da alamomin da aka yi amfani da su a madadinsu.

Kusa da shi akwai ƙamusun Abraham, wanda ya fito a 1949 da taimakon Malam Mai Kano, aka sake buga shi a 1962. Rubutunsa ƙanana ne a cunkushe, ga alamomin karin sauti da na tsawon wasali a kan kusan kowace kalma, har idon da bai saba ba yakan gaji da wuri. Amma a wajen nuna yadda kalma take aiki a cikin jimla, da karin magana, da salon magana, ya fi na Bargery yalwa, kuma mai fassara da ya rasa yadda zai juya wani aikatau zai fi samun mafita a nan. Illar da ta haɗa su biyun ita ce sai mutum ya iya Turanci, Turancin ma na zamanin Turawan mulki, kafin ya fahimci ma'anar kalmar harshensa. Wannan giɓi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya zo ya cike a 2006, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta shirya, inda ake bayyana Hausa da Hausa. Shi ne ɗaliban sakandare da na kwalejin ilimi suka fi nema, kuma kwafi ɗaya tak laburaren ya mallaka, wanda ya sha hannu har wasu shafukan farko sun fita. A ganina littafin da ake layi a kansa kwafi uku ko huɗu ya kamata a ajiye, ko da za a rage sayen wani abu.

Daga nan kantar ta tsaya cak. Ƙamusun Hausa da Ingilishi da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar a Maɗaba'ar Jami'ar Bayero a 2020, wanda aka buga a nan gida Kano, bai iso ba. Babu kuma ko ɗaya daga cikin ƙamusoshin Hausa da Faransanci da aka yi a Nijar, alhali ɗalibai masu nazarin karin harshen Arewa da na Yamma suna buƙatarsu, ga kuma 'yan Nijar da ke karatu a makarantunmu. Ba kuɗi mai yawa ake magana ba, rashin wanda zai bibiyi abin da ke fitowa ne.

Kantar Larabci ta fi kowace tsari da tsabta, wataƙila don masu amfani da ita, malaman Islamiyya da ɗaliban shari'a, sun saba da girmama littafi tun daga zaure. Akwai Munjid, wanda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya san shi, akwai Lisanul Arab na Ibn Manzur cikin mujalladai masu yawa, akwai kuma fihirisar kalmomin Alƙur'ani ta Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, wadda ke kai mutum ga kowace aya da kalma ta fito a cikinta. Bugun Lisan da ke nan yana kan tsohon tsarinsa ne, wato ana neman kalma ta harafin ƙarshe na tushenta, kuma na ga wani saurayi yana ta juya mujalladi yana neman kalma ta harafin farko har gumi ya keto masa, sai da wani malami da ke gefensa ya matso a hankali ya nuna masa hanya. Takarda guda mai bayanin wannan tsari da aka liƙa a jikin kantar da ta wadatar.

Abin da hukumar take alfahari da shi yana cikin wani kabad na gilashi a tsakiyar ɗakin, wato jerin kundin sani na Britannica mai bango mai ruwan zinariya. Kabad ɗin a kulle yake, makullin yana hannun shugaban sashe, idan kuwa ya fita taro sai dai a dawo gobe. Bugun na shekarun 1980 ne, saboda haka a cikinsa Tarayyar Sobiyat tana nan daram, Jamus biyu ce, Legas ce babban birnin Nijeriya. Kamfanin da kansa ya sanar da daina buga shi a takarda a 2012, bugun ƙarshe shi ne na 2010 mai mujalladi 32. Ba na cewa a zubar da shi, domin maƙalunsa a kan lissafi da falsafa da tsohon tarihi ƙwararru ne suka rubuta su, kuma ba su lalace ba. Amma babu wani abu a cikinsa da ba za a samu a wasu dubban laburarori na duniya ba, mafi yawansa ma wayar da ke aljihun ɗalibi za ta ba shi sabo. Idan aka dubi wannan kabad, sannan aka leƙa ɗakin jaridu, abin ya yi kama da manomin da ya sa wa rumbun ƙaiƙayi kwaɗo ya bar na hatsi a buɗe.

Littattafan taswira da na ƙididdiga ba su buƙatar dogon bayani, domin nan ne sashen ya fi rauni, kuma nan ne tsufa ya fi cutarwa. Nijeriya ta tashi daga jihohi 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996, kuma kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da wakili a kan kantar, a cakuɗe, ba tare da wata alama da za ta gargaɗi yaro cewa taswirar da ya buɗe ba ta san Zamfara ko Gwambe ko Nasarawa ba. Babu taswirar Afirka ko ɗaya da ta nuna Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yanci a 2011. Rahoton ƙidayar 1991 yana nan cikakke, na 2006 wanda ya ba da mutum miliyan 140 kuwa sai wani ɗan taƙaitaccen bugu. Na sha karɓar aikin gida daga ɗalibai da alƙaluman da suka girme su, idan na bincika sai in tarar daga irin wannan kanta suka kwafo da zuciya ɗaya. Rubuta shekarar bugu da babban alƙalami a bangon kowane ɗaya zai rage wannan ɓarna. A can ƙarshen kantar akwai tsofaffin kundayen lambobin tarho na NITEL, waɗanda ba su da sauran amfani ga mai neman lamba tun da wayar salula ta shigo a 2001, amma mai son sanin kamfanoni da masaƙu da shagunan da suka taɓa cika Kano da Kaduna, da titunan da suke, zai sha mamakin abin da ke ciki.

Ɓangaren dokoki yana da fuska biyu. Kundin dokokin tarayya da ke nan na 1990 ne, alhali an sake tattara su a 2004, tsarin mulkin 1999 kuma babu gyare-gyaren da aka yi masa daga baya, don haka ɗalibin lauya ya nemi wani wurin. Amma a ƙasan wannan kantar akwai mujalladan gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, na tsohuwar Jihar Arewa da na jihar da aka yanko mu daga cikinta, kuma waɗannan su ne ke kawo mutanen da ba su taɓa tunanin shiga laburare ba. Tsohon ma'aikaci da ake ja-in-ja da shi a kan ranar da aka ɗauke shi aiki ko aka tabbatar da shi, saboda lissafin fansho, a nan yake zuwa neman shafin da sunansa ya fito. Haka masu bibiyar naɗin hakimai da sauyin iyakokin gundumomi. Akwai kuma bayanan lardunan Arewa da Turawan mulki suka tattara, waɗanda aka sake bugawa a London a 1972 cikin mujalladi huɗu da gabatarwar masanin tarihi Kirk-Greene. Suna da amfani wajen jerin sarakuna da tsarin gundumomi, muddin mai karatu bai manta cewa razdan da di'o ne suka rubuta su don bukatar mulkinsu ba, kuma abin da aka gaya musu a fada shi suka fi ji.

Ɗakin jaridu yana bayan wata ƙofa a kusurwa, kuma shi ne ya fi komai daraja a ginin baki ɗaya. A gabansa akwai teburi mai gangare inda ake maƙala jaridun yau, waɗanda ba su wuce biyu ko uku na Turanci ba, wani lokaci ma na shekaranjiya ne, sai Aminiya idan ta samu. Dattawa 'yan fansho ne suka fi zama a nan, suna karantawa daga kanun labarai har shafin wasanni. Abin nema yana ciki, inda aka jibge mujalladan Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da Triumph da Albishir, har da wasu kwafe na Alfijir, jaridar ajami da kamfanin Triumph ya riƙa fitarwa a Kano. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko, New Nigerian kuma ta fara a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, makonni biyu kafin juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa. Abin da laburaren ya mallaka bai kai farkon Gaskiya ba, ya fi ƙarfi daga shekarun 1960 zuwa na 1980, amma ko wannan kaɗai taska ce da ba kasafai ake samun irinta a intanet ba.

Wanda ya buɗe mujalladan 1972 da 1973 zai ga ƙasa tana sauya hannu a gabansa. A Afrilun 1972 aka koma tuƙi a hannun dama, a Janairun 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma, kuma ana iya bin wannan sauyi a farashin da ke cikin tallace-tallacen keke da rediyo da atamfa daga wata zuwa wata. A cikin shekarun nan ne kuma fari ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel, labaransa suna nan yadda aka ji su a lokacin, kafin masana su zo su tace su. Ni dai shafin wasiƙu ya fi jan hankalina, inda mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa suke kuka a kan rijiya da hanya da asibiti da tsadar aure, kowa da sunan garinsu a ƙasa, cikin Hausar da ba a yi mata kwalliya ba. Malamin harshe zai ga yadda ƙa'idojin rubutu suka riƙa daidaituwa, da yadda 'yan jarida suka riƙa laluben sunan da za su ba sababbin abubuwa na mulki da kimiyya, wasu sunayen suka zauna, wasu suka bi ruwa. Mai nazarin waƙa zai tarar da rubutattun waƙoƙin da ba su taɓa shiga wani littafi ba.

Ga irin riƙon da ake yi wa wannan dukiya. Mujalladan da aka ɗinke da bango mai ƙarfi a zamanin da laburaren yake da sashen ɗinkin littafi suna kan kantocin katako, kuma da sauƙi. Daga inda aka daina ɗinki kuwa, sai aka koma ɗaure jaridun wata-wata da igiya ana jibge su a ƙasa a jikin bango. Na ɗaga wani ƙunshi na ga gara ta yi hanya daga ƙasa har tsakiyarsa, ta cinye rabin shafukan ta bar ƙasa-ƙasa a madadinsu, wani ƙunshin kuma ruwan da ya zubo daga rufi da damina ya manne shi ya zama dunƙule ɗaya. Takardar jarida dama ba a yi ta don ta daɗe ba, domin daga niƙaƙƙen itace ake yin ta ba tare da an cire sinadarin da ke sa ta tsami ba, shi ya sa take yin ja ta riƙa karyewa, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta wannan lalacewa. A ɗakin nan tagar yamma ba ta da labule, rana tana dukan ƙunsan kullum, ƙurar hunturu kuma tana shiga yadda ta ga dama. Sannan ga ɓarnar ɗan Adam, wato ramukan da aka yanke da reza a tsakiyar shafi, galibi inda aka buga sanarwar neman ma'aikata ko sakamakon jarrabawa ko canjin suna, wanda ya yanke ya tafi da abin da ke bayan shafin ma.

Babu fihirisa ko ɗaya ta waɗannan jaridu, ko da jerin shekarun da ake da su da waɗanda suka ɓace. Wanda bai zo da kwanan wata ba, ko aƙalla wata da shekara, zai yini yana juya shafi. Gyaran da ake bukata a matakin farko bai kai a kira shi aiki na kasafin kuɗi ba: a ɗaga ƙunsan daga ƙasa a ɗora su a kan kantar ƙarfe, a toshe yoyon rufin, a rataya labule, a yi feshin gara, a sa ɗalibai masu sanin makamar aiki su rubuta abin da ke akwai shekara bi shekara. Ɗaukar hoton shafukan a adana a kwamfuta shi ne mataki na gaba, kuma wayoyin yanzu suna iya yin sa. Na tambaya ko akwai wani abu daga jaridun larduna da hukumar wallafa littattafai ta Arewa, wato NORLA, ta riƙa bugawa a shekarun 1950, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya, Baba ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganinsu a nan ba tun da ya kama aiki.

Dokar kwafi ita ce ta fi ɗaure mini kai. An hana ɗaukar hoton shafi da waya sai da izinin shugaban sashe, amma an yarda a ɗauki mujalladi sukutum a kai shagon fotokwafi da ke harabar, inda yaron shagon zai kifa shi a kan inji ya danne da hannu biyu har a ji ɗinkin yana ƙara. Hoton waya ba ya taɓa takarda, injin kuwa yana karya ƙashin bayan littafi, kuma yawancin mujalladan da suka rabe biyu a wurin nan ta wannan hanya suka rabe. Idan kuɗin shiga ake so, sai a sa wani ɗan abu a kan ɗaukar hoto, a ba da rasit, a hana fitar da tsofaffin mujalladai daga ɗakin kwata-kwata.

Mujallu ba su da yawa, kuma jerinsu cike yake da giɓi. Akwai wasu fitowar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da tsofaffin Nigeria Magazine masu kyawawan hotunan sana'o'i da bukukuwa, da tarin Newswatch daga shekarun mulkin soja. Mujallun Hausa na fim da na siyasa da na addini waɗanda suka cika teburan masu sayar da jarida daga ƙarshen shekarun 1990 kusan babu su, wataƙila don an ɗauke su abin karantawa a yar. Haka ma ƙagaggun littattafan Hausa da suka yi ambaliya daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Dokar Laburaren Ƙasa ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, daga nan ne ake tattara jerin abin da aka wallafa a ƙasa, amma da yawa daga cikin marubutan nan da kansu suka buga littattafansu, ba su bi ta wannan hanya ba, saboda haka babu wani kundi na hukuma da ya san adadinsu. Laburaren jiha ne ya fi kowa kusa da kasuwar da ake sayar da su, shi ya fi dacewa ya tara su ya yi musu jeri, amma ko kanta ɗaya ba a ware musu ba.

Mafi yawan waɗanda ke cika kujerun sashen ba su zo don ko ɗaya daga cikin abubuwan da na ambata ba. Matasa ne masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da ma'aikata masu jarrabawar ƙarin girma, waɗanda suka zo da takardunsu don neman wurin da babu hayaniya. Ba laifi ba ne, hidima ce da gidajenmu masu cunkoso ba sa iya bayarwa, kuma an ware wa mata teburansu a gefe guda, abin da ya sa iyaye da yawa suke barin 'ya'yansu mata su zo. Amma a lokacin jarrabawa mai son buɗe babban mujalladin jarida, wanda ke cin rabin teburi, zai rasa wuri idan bai yi sammako ba. Ranar Juma'a ana rufewa da wuri, banɗakin kuma gara mutum ya kintsa daga gida.

Mai zuwa don tsofaffin jaridu ya taho da kwanan watan abin da yake nema a rubuce, da takunkumin rufe hanci saboda ƙura, da waya mai cikakken caji don haska kusurwoyin da haske ba ya kaiwa, ya kuma fara neman izinin ɗaukar hoto tun da safe kafin shugaban sashe ya fita. Wanda bincikensa ya shafi shekarun da suka gabaci samun 'yancin kai a 1960 kada ya ɓata lokaci a nan, ya nufi Kaduna, inda Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, yake da tarin jaridu da rubuce-rubucen Larabci da ajami, reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa kuma yake riƙe da fayilolin larduna na zamanin Turawa. Daga can Zariya ba nisa, Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello yana karɓar masu bincike daga waje idan sun zo da takardar gabatarwa daga makarantarsu ko wurin aikinsu.